Daga Kufena zuwa Chappal Waddi: wane wata za mu tafi, kuma da wane shiri?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum manyanmu. Mu takwas ne, duk ɗalibai a Zariya, muna son idan an gama jarabawa mu je Mambila mu hau dutsen Chappal Waddi. Wasu daga cikinmu kuma na son su gwada saukowa daga kan dutse da igiya. Mun ga hotunan damina, wurin ya yi kore shar, shi ya sa muke tunanin watan Agusta. A ba mu shawara don Allah.

Malam na Tudun Jukun: Wa alaikumus salam ƙanena. Niyya ta yi kyau, amma ku cire Agusta daga lissafi. Daminar Mambila ta fi tamu tsawo, tana somawa tun wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma Agusta tsakiyarta ne. Hanyar ƙasa ta zama taɓo, rafukan da ake tsallakewa da ƙafa su cika, hazo ya rufe dutse har ka kasa ganin wanda ke gabanka. Ku nufi Disamba zuwa Fabrairu. Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, mita 2,419 ne, babu tsaunin da ya fi shi a Najeriya. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a jihar Taraba, a bakin iyakar Kamaru. Tunda cikin gandu yake, sai da izinin hukumar gandun, ofishinsu kuma yana Serti.

Na Ƙofar Doka: Allah gafarta Malam, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. A Janairu ƙurar hunturu na iya tsare gani, ga ciyawa ta bushe, makiyaya sun sa wuta. Mutum ya sha wahalar kwana da kwanaki ya isa ƙololuwa ya tarar da fari fat? Ni ƙarshen Nuwamba zan ce. Ruwa ya ɗauke, ciyawa da sauran kore, sama a wanke.

Malam na Tudun Jukun: Maganarka ta gani gaskiya ce. Abin da ya sa nake ja da Nuwamba shi ne rafuka ba su gama janyewa ba, kuma ciyawa ta kai ƙirji, tana ɓoye ramuka da macizai, sawun hanya ma ba ya fita. Wanda ya saba, Nuwamba ta yi masa. Waɗannan kuwa sabbin shiga ne. A haɗu a tsakiya, makon farko ko na biyu na Disamba.

Na Ƙofar Doka: Wannan na karɓa.

Direban Kwangila: Kafin ku kai ga dutsen, ku fara tunanin hanyar. Daga nan ku bi Pambeguwa, Saminaka, Jos, Bauchi, Gombe, Numan, ku faɗa Jalingo. Daga Jalingo sai Garba Chede, Bali, Serti, Mayo Selbe, a nan hawan yake farawa, har Nguroje da Gembu. Kwana biyu za ku ware wa zuwa, biyu wa dawowa, kuma ban da tafiyar dare.

Hawan ba shi ne abin tsoro ba, in dai lagireto na da ruwa kuma fanka na aiki. Saukowar ce ke cin mutane. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanyar Zariya zuwa Kano sai ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama bai ɗaga ba. Birki ya ɗau zafi, man birki ya tafasa, ya taka ya ji feda ta tafi ƙasa babu komai. Man birki yana shan danshi daga iska. Sabon man birki, irin wanda ake kira DOT 3, sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma wanda ya tsufa ya sha ruwa tun wajen 140 zai tafasa. Saboda haka a zubar da tsohon a sa sabo kafin a bar Zariya, a duba takalman birki da tayoyi. A gangara a sa lamba biyu, in ta yi tsanani lamba ɗaya, inji ya riƙe motar. Birki a taka da ƙarfi a saki, a taka a saki. Kada a kuskura a sa firi wai don tattalin mai. In kun ji warin ƙauri, a faka a sa dutse a taya a jira minti talatin, kuma kada a watsa wa faifan birki ruwa yana da zafi, lanƙwashewa zai yi. A ƙunƙuntar hanya mai saukowa ne ke kauce wa mai hawa.

Shawarata ma ku bar motarku, ku shiga ta 'yan hanyar daga Jalingo. Su suka san kowace kwana.

Ɗan Samaru: Mun gode Oga. To shi hawan kansa, kwana nawa ne? Kuma ance iska na ƙarancin da mutum ke suma, gaskiya ne?

Hajiya ta Gyallesu: Ɗana, ciwon rashin iska yawanci daga mita 2,500 zuwa sama yake fara kama mutane. Shi ake tsoro a Dutsen Kamaru mai mita 4,040 ko Kilimanjaro mai 5,895. A Chappal Waddi za ku yi haki fiye da yadda kuka saba, wani ya ji ɗan ciwon kai, amma ba shi ne zai kayar da ku ba. Sanyi ne da ƙishirwa da gajiya.

Ga lissafin sanyin. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Zariya na wajen mita 670, ke nan tsakaninmu da ƙololuwar akwai kusan mita 1,750, ragin digiri 11. Ka tuna asubahin hunturu a Samaru, ka cire 11 daga ciki, ka ƙara iska mai kaɗawa babu abin da ke tare ta. Abin da ke jawo matsala shi ne rigar auduga. Ka yi gumi a hawa, ta jiƙe, ka tsaya hutawa, iska ta buge ta, ta riƙa zuƙe ɗumin jikinka. Ku sa rigar ƙwallo a ciki don tana saurin bushewa, suwaita a kai, sannan rigar ruwa mai tare iska. Hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa uku. Kaya ɗaya busasshe a ƙulle a leda, na barci ne kawai, ba a taɓa shi da rana.

Alamar sanyi ya shiga mutum: karkarwa, magana na sarƙewa, hannu ya kasa jan zif, yana tuntuɓe. In karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya yi nisa. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a raba shi da ƙasa da tabarma ko jakunkuna, a lulluɓe shi har kai, in yana iya haɗiya a ba shi shayi mai sukari.

Sai abin da nake roƙonku da girman Allah: kada a shigar da garwashi ko kurfoti ko risho cikin tanti. Hayaƙin gawayi mai kisa ba shi da wari ba shi da launi, mutum barci kawai zai zarce.

Malam na Tudun Jukun: Game da kwanaki, masu hawa ta ɓangaren Mambila sukan ɗauki babur daga Nguroje zuwa Njawai, daga nan a kama ƙafa. Adadin zango ku bar wa ɗan jagora, amma ku iya lissafin tafiyarku da kanku. Akwai ƙa'idar wani ɗan Sikotland, Naismith, tun 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Misali kilomita 12 da hawan mita 900, kusan awa huɗu ke nan. Wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne marar kaya. Ku da jaka a baya, ga sallah ga cin abinci, ku ƙara rabi, ya zama awa shida. Kuma ayari da saurin mafi rauninsa yake tafiya.

Ranar ƙololuwa ku tashi bayan asuba, ku tsayar da lokacin juyawa tun kafin a fita, a ce ƙarfe ɗaya na rana. In lokacin ya yi, ko ana hango saman, a juya. Kusa da shida da rabi duhu ya shiga, kuma gangara cikin duhu da gwiwa mai rawa ita ce ke karya ƙafa.

Jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka. Mai kilo 60, kilo 12. Sauran a ba 'yan dako, a biya su haƙƙinsu yadda aka yi ciniki, kuma a tabbatar su ma suna da bargo.

'Yar Wusasa: Ruwa fa Malam? Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ba za a iya ɗaukar na kwana uku ba.

Hajiya ta Gyallesu: Ba a ɗauka, a hanya ake ɗiba. Kowa ya riƙe gorar lita biyu zuwa uku, yana shan kamar rabin lita a awa in ana tafiya. Amma ruwan can komai garai ɗinsa shanu na sha a sama. A tace da tsumma mai tsabta, a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, in an haura mita 2,000 minti uku, don a can ruwa na tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a nan ba. In gudawa ta kama wani: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ku duba fitsari, in ya yi ja to ruwa ya yi kaɗan.

Guzuri kuwa namu na gida ya fi na gwangwani: kilishi, dabino, soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dakuwa, garin rogo da sukari da madarar gari. A riƙa ci kaɗan-kaɗan duk awa, kada a jira yunwa.

Na Ƙofar Doka: Ni maganar ɗan jagora ce ban ga tilas ɗinta ba a zamanin nan. A sauke taswira a waya, GPS na aiki ko babu sabis. Kuɗin jagora a ƙara a guzuri.

Baban Yara, Sabon Gari: A'a Yaya, a nan kam ka kauce. Waya za ta nuna maka inda kake. Ba za ta gaya maka wane rafi ne bai ƙafe ba, ko wace ruga ake sauka, ko wane kwari ne ba a shiga a wannan makon. Tudun nan cike yake da sawun shanu, goma sun rabu a wuri ɗaya, duk kama ɗaya. Ga iyaka kusa, mutum na iya tsallakawa Kamaru bai sani ba, shi ya sa kowa ya riƙe katin shaidarsa. Ga yare, Fulfulde ake ji a rugage. Sannan sanyi na cinye batir, wayar da ta kwana da kashi 60 ta wayi gari a mace, sai dai a kwana da ita a cikin riga. Ban da haka doka ce, cikin gandu da ma'aikacin gandu ake tafiya. A kowane ƙauye a fara gaida jauro, wato mai garin, a faɗa masa mutum nawa ne da ranar dawowa. Labarin tsaro kuma a neme shi a makon tafiyar daga bakin mutanen wurin, kada a dogara da na bara.

Na Ƙofar Doka: Ban ce a ƙi gaida jauro ba. Amma a ɗauki taswirar duk da haka, jagora ma mutum ne, zai iya rashin lafiya.

Baban Yara, Sabon Gari: Wannan haka ne. A haɗa biyun.

Ɗan Samaru: Saura igiyar. Wani cikinmu ya ce akwai mai kauri a kasuwar Sabon Gari, irin wadda ake ɗaure kaya a tirela, tana jan mota ma. Ba za ta ɗauki mutum ba?

Malam na Tudun Jukun: Ƙanena, ka tsaya ka karanta wannan sau biyu. Kada ɗayanku ya rataya ransa a wannan igiyar. Kauri ba shi ne magana ba. Igiyar kasuwa murɗaɗɗiya ce, ba ta da riga, gefen dutse na yanka ta zare-zare, tana warwarewa ta juya mutum kamar mazari, kuma ta roba ce mai narkewa da zafin gogayya. Babu wanda ya gwada ta ya rubuta nauyin da take ɗauka.

Igiyar hawa tana da zuciya a ciki da saƙaƙƙiyar riga a waje, kuma iri biyu ce. Akwai mai miƙewa, wadda ake hawa da ita, in mutum ya faɗo ta ɗan ja kamar roba ta shanye girgizar. Akwai marar miƙewa, mai kaurin milimita 10 zuwa 11, ta saukowa ce kawai. Wanda ya faɗo a kan marar miƙewa, ko mita ɗaya ko biyu ne, girgizar na iya illata masa baya ko ta fizge maɗaurin. A nemi tambarin shaidar inganci na UIAA ko CE a jikinta. Wadda ta shekara 10 an daina aiki da ita ko ba a taɓa kwance ta ba. Kada a ajiye ta a but kusa da batir, ruwan batir na cin zaren ba tare da ido ya gani ba. Ta gwanjo da ba a san tarihinta ba a bar ta.

Sauran kayan: ɗamarar ƙugu mai madaurin cinya, hular kwano, ƙarfen saukowa mai siffar lamba 8, da ƙugiyoyi masu makulli da ake kira karabina. Ku duba jikin ƙugiyar, za ku ga an zana lamba, 20 kN ko fiye a tsaye, kusan tan biyu ke nan. Amma in ta juya nauyi ya faɗa mata a kwance, ko bakinta na buɗe, ƙarfin ya koma wajen 7. Shi ya sa ake murza makullin a kuma duba. Masu ƙyalli da ake rataya makulli da su a kasuwa ba sa cikin wannan magana.

Maɗauri a sama ya zama biyu, kowanne mai zaman kansa, kuma kusurwar da ke tsakaninsu kada ta wuce digiri 60. A haka kowanne na ɗaukar kashi 58 cikin 100 na nauyin. In ta buɗe ta kai 120, kowanne ya ɗauki nauyin gaba ɗaya, amfanin biyun ya tafi. Bishiyar da ta tsiro a tsagin dutse saiwarta ba ta da zurfi, ba a dogara da ita. Inda igiya ta ratsa gefen dutse a shimfiɗa buhu ko tsohon kafet.

Kurakuran da ke kisa sanannu ne. Igiya ba ta kai ƙasa ba kuma ba a ƙulla bakinta ba, mutum ya zare ta ƙarshe. An sa igiya a ƙarfen saukowa ba daidai ba. Mutum ya tsorata ya saki hannun da ke riƙe da birki. Gefen riga ko mayafi ko gemu ya shige cikin ƙarfen. Maganinsu: ƙulli a bakin igiya, ƙaramar igiyar kariya da ake naɗawa a babbar wadda ke cafkewa in hannu ya saki, wani a ƙasa riƙe da bakin igiyar da zai ja ya tsayar da mai saukowa, sannan kafin kowa ya sauka wani ya duba masa ɗamara da ƙugiya da ƙulli, ya taɓa kowanne da hannu.

Duk wannan na rubuta ne don ku gane ko wanda zai koya muku ya san aikinsa. Ba a koyon igiya a rubuce.

'Yar Wusasa: To a ina za su koya, Malam?

Malam na Tudun Jukun: A Jos. Duwatsun Shere sun kai mita 1,829, kuma cibiyar horar da shugabanci ta gwamnatin tarayya, wadda aka fi sani da Man O' War, tana da makarantarta ta dutse a can. Yana kan hanyarsu ma. Chappal Waddi kuwa tafiyar ƙafa ce, ba ya bukatar igiya, kuma ba wurin gwaji ba ne, don asibiti na da nisa. A raba abin biyu: igiya a Shere, ƙafa a Mambila.

Hajiya ta Gyallesu: Tunda an ambaci nisan asibiti, bari in faɗi na maciji. A ƙasa-ƙasa, wajen Bali da Serti, akwai kububuwa da kasa da gamsheƙa. Takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando, tocila da dare, a zazzage takalmi da safe, kada a zura hannu a tsagin dutse. In an yi sara, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya, a ɗauki mutum kada ya taka, a nufi asibitin da ke da allurar dafi. Dafin kububuwa jini yake hana daskarewa, mutum na iya zama garau a farko, daga baya dasashi ya fara jini, saboda haka jin sauƙi ba dalilin zama ba ne. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, farasitamol kawai. Asibitin saran maciji na Kaltungo yana kan hanyar Gombe zuwa Numan, ku san da shi, amma ku tambayi ma'aikatan gandu wuri mafi kusa da ke da allurar. In gamsheƙa ta tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa.

Zuma ma na zama a kogon dutse, har a duwatsunmu na nan. Ban da turare mai ƙarfi, ban da hayaniya kusa da kogo. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu.

Baban Yara, Sabon Gari: Rafi kuma, in ruwa mai gudu ya wuce gwiwa ba a shiga. A tsallaka da takalmi a ƙafa, a fuskanci inda ruwan ke fitowa, sanda a gaba, a kwance maɗaurin jaka na ciki don in an faɗi a iya yar da ita. A bakin magangarar ruwa, dutsen da ya yi baƙi ko kore santsi ne da shi kamar sabulu, ba a hawa don hoto.

Ɗan Samaru: Allah ya saka da alheri. Daga yanzu zuwa Disamba me za mu riƙa yi?

Malam na Tudun Jukun: Dutsen Kufena na bayan gidanku. Mako takwas, sau biyu a mako, da takalmin da za ku tafi da shi, don sabon takalmi a Mambila bororo zai yi muku tun ranar farko. Ku fara da jakar kilo 5, duk mako biyu a ƙara 2. Ku fita da sassafe kafin dutsen ya ɗau rana, ku sanar da mutanen ƙauyen da ke gindinsa. Ku fi ba saukowa muhimmanci: gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, tafin ƙafa duka a kan dutse, kada a jingina baya. Inda dutsen ya yi ɓawo, ku ƙwanƙwasa, in ya yi ƙarar fanko kada a taka. In hadari ya taso ku ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ƙirgen daƙiƙa 30 ne ko ƙasa, ku sauka nan take, kuma sai an yi minti 30 babu tsawa ake komawa.

A mako na shida ku yi tafiyar awa shida a jere da cikakkiyar jaka, washegari ku maimaita. Wanda gwiwarsa ta kumbura a rana ta biyu ya je a duba shi kafin a sayi tikitin Jalingo.

Direban Kwangila: Ku riƙe tsabar kuɗi kuma, ƙananan canji, daga Serti zuwa sama kada ku dogara da tiransifa. In za ku hau babur zuwa Njawai, mutum ɗaya a bayan kowane babur, jakunkuna a nasu babur daban.